A Rage Guɗa: Zaɓen Tsibirin Moris da Majalisar da Ba Ta da 'Yan Hamayya

Tun daga ranar da aka bayyana sakamakon babban zaɓen ƙasar Moris na 10 ga Nuwamba, 2024, masu sharhi a gidajen rediyo da jaridu, na Afirka da na Turai, suka rataya ganga suka shiga kiɗa. Wai ga abin koyi, wai ga inda dimokuraɗiyya ta zauna da gindinta, wai sauran ƙasashen Afirka su je can su ɗauko darasi. Hujjarsu kuwa ita ce talakawa sun fito sun kayar da gwamnati mai ci, har ƙawancen 'yan adawa ya lashe kujeru 60 cikin 60 da aka yi takara a kansu a babban tsibirin ƙasar, Firayim Minista kuma ya amsa cewa ya sha kaye ba tare da wata tirjiya ba. Kiɗan ya yi daɗi ƙwarai, ba kuma abin mamaki ba ne in wasu daga cikin 'yan'uwanmu marubuta suka bi shi da rawa, domin an daɗe ana ƙishirwar labari mai daɗi daga akwatin zaɓe.

To, ni dai ina da ja. Mutanen Moris sun cancanci yabo, zan kuma yaba musu a inda ya dace. Amma sakamakon 60 da babu alama ce ta wani ciwo da ya daɗe a jikin tsarin zaɓen ƙasar, ciwon da ya taso a 1982, ya sake tasowa a 1995, ga shi kuma ya dawo a karo na uku. Wanda ya ga kumburi ya ce ƙiba ce, ya cuci mai ciwon, ya kuma cuci duk wanda ya gaskata shi.

Ina ne Moris, kuma yaya ake zaɓe a can?

Ga wanda bai san wurin ba, Moris, wadda Turawan Ingila ke kira Mauritius, tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka. Faɗin ƙasar duka-duka murabba'in kilomita 2,040 ne, mutanenta kuwa miliyan 1 da dubu 200 da 'yan kai. Babban birninta shi ne Port Louis. Turawa ba su tarar da kowa a tsibirin ba sa'ad da suka sauka, saboda haka duk wanda ke can a yau, ko dai kakanninsa zuwa suka yi, ko kuma kawo su aka yi. Faransawa sun kawo bayi daga Madagaska da Mozambik don noman rake. Turawan Ingila suka ƙwace tsibirin a 1810, da aka hana bauta a 1835 sai suka riƙa ɗebo 'yan ƙwadago daga Indiya. Wannan ya sa kusan rabin jama'ar ƙasar mabiya addinin Hindu ne, kimanin kashi ɗaya cikin uku Kirista, Musulmi kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ƙasar ta sami 'yancin kai a ranar 12 ga Maris, 1968.

An raba babban tsibirin zuwa mazaɓu 20, kowace mazaɓa tana aika wakilai 3 zuwa majalisa, wato 60 ke nan. Ɗan ƙaramin tsibirin Rodrigues, wanda shi ma yanki ne na ƙasar, yana aika wakilai 2. Kowane mai zaɓe a babban tsibirin dole ne ya dangwala wa mutum uku, ba ragi ba ƙari, kuma ukun da suka fi yawan ƙuri'u su ne suka ci, ko da kuwa da ƙuri'a ɗaya suka ɗara na huɗu. Bayan waɗannan 62, akwai wasu kujeru da ba su wuce 8 ba, waɗanda ake raba wa wasu 'yan takarar da suka faɗi amma suka taɓuka abin kirki. Mu kira su kujerun share hawaye. Za mu dawo kansu. Jam'iyya ko ƙawancen da ya fi yawan kujeru shi ke fitar da Firayim Minista, kamar yadda ake yi a Ingila.

Inda yabo ya dace

Kafin in ɗauko bulala, bari in ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma gwamnatin Pravind Jugnauth ita ta jawo wa kanta abin da ya same ta. A Yulin 2020 wani jirgin ruwa mai suna Wakashio ya yi karo da duwatsun gaɓar kudu maso gabashin tsibirin, ya yi kwana da kwanaki a wurin kafin ya fara zubar da mai, har kimanin tan 1,000 ya malala cikin teku. Talakawa ne suka fito suna ɗinka shinge da ganyen rake da gashin kansu don tare man, sannan a ranar 29 ga Agusta dubun dubatar mutane suka cika titunan Port Louis suna Allah wadai da sakacin hukuma. Zaɓen majalisun birane da ya kamata a yi a 2021 aka yi ta ɗage shi shekara bayan shekara, ba a yi shi ba sai a 2025, bayan gwamnatin ta faɗi. Tsadar rayuwa kuma ta ci wa mutane tuwo a ƙwarya.

Sai ga shi a Oktoban 2024, ana saura 'yan makonni a yi zaɓe, wani da ya ɓoye sunansa yana kiran kansa Missie Moustass, wato Malam Mai Gashin-baki, ya fara sakin faya-fayen hirarrakin wayar tarho na 'yan siyasa da 'yan sanda da lauyoyi da 'yan jarida, har da jakadun ƙasashen waje, waɗanda aka naɗa a asirce. Maimakon gwamnati ta yi wa jama'a bayanin wanda ke satar sauraren wayoyinsu, sai a ranar 1 ga Nuwamba hukumar sadarwa ta ba da umarnin a toshe Facebook da TikTok da sauran kafafen sada zumunta na intanet har zuwa 11 ga wata, wato sai washegarin zaɓe, wai don tsaron ƙasa. Ihun da jama'a suka yi ya sa aka janye umarnin kashegari. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cikin masu rajista su kimanin miliyan 1, kusan kashi 80 cikin 100 suka fito, suka yi wa gwamnatin hukuncin da ba ɗaukaka ƙara. Jugnauth kansa ya rasa kujerarsa a mazaɓarsa, ya kuma fito tun ana cikin ƙirga ƙuri'u ya ce sun sha kaye.

Wannan duk abin a yaba ne. Mutanen da aka toshe wa baki suka mayar da martani da ƙuri'a, hukumar zaɓe ta ƙirga abin da aka jefa, wanda ya faɗi ya tattara nasa ya nasa. Ban da ja a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Inda nake da ja shi ne abin da tsarin zaɓen ya yi da ƙuri'un bayan an ƙirga su.

Mu yi lissafi

Ƙawancen Sauyi, wato Alliance du Changement, wanda Navin Ramgoolam na jam'iyyar Leba da Paul Bérenger na jam'iyyar MMM suka jagoranta, ya sami ɗan abin da ya haura kashi 60 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa. Ƙawancen Jugnauth mai suna Lepep ya sami kimanin kashi 27. Da a ce an raba kujeru 60 ɗin nan gwargwadon ƙuri'un kowa, da Lepep ya tashi da kujeru kamar 16. Nawa ya samu? Ko ɗaya. Sai da aka zo rabon kujerun share hawaye sannan aka miƙa masa guda 2, ɗaya daga cikin mutum biyun kuma, Joe Lesjongard, ya zama shugaban 'yan hamayya, shugaban da rundunarsa ba ta cika bayan keke ba.

Ya kai mai karatu, ka tsaya ka auna wannan. Cikin kowane mutum huɗu da suka tashi da sassafe suka bi layi, fiye da ɗaya ya zaɓi Lepep. Kana iya cewa zaɓinsu bai yi ba, ni ma ba zan yi maka musu ba. Amma tun yaushe ne rashin iya zaɓe ya zama laifin da ke hana ɗan ƙasa wakilci? Ashe dimokuraɗiyyar da ake yi wa guɗa ita ce wadda za ta ɗauki sama da rubu'in masu zaɓe ta share su daga zauren majalisa kamar ba a halicce su ba?

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Tun da kowane mai zaɓe yana da ƙuri'a uku, kuma jam'iyyu suna roƙon a ba su dukan ukun a dunƙule, to ƙawancen da ya ɗan ɗara abokin takararsa a mazaɓa yakan kwashe kujerun nan uku gaba ɗaya. A ce a wata mazaɓa mutum 51 cikin 100 sun bi wannan ɓangare, 49 sun bi wancan, sai na farko ya tafi da wakilai uku, na biyu ya koma gida hannu rabbana. In iska ta kaɗa ta fuska ɗaya a dukan tsibirin, kuma a ƙaramar ƙasa irin wannan hakan ba wuya, sai a wayi gari da majalisa mai baki ɗaya.

Masu guɗa za su ce ai wannan karon tsarin ya taimaki masu gaskiya. To, su waiwaya baya kaɗan. A zaɓen 2019, ƙawancen Jugnauth ya sami kimanin kashi 37 cikin 100 kacal na ƙuri'u, amma ya kwashe kujeru 38 cikin 60, saboda 'yan adawa sun rabu gida biyu. Ma'ana, mutumin da kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ƙi, shi ne ya mulke su shekara biyar da rinjayen da ya ba shi damar ɗage zaɓen birane yadda ya ga dama. Wuƙar da ta yanka Jugnauth a 2024 ita ce dai ya yi yanka da ita a 2019. Wanda ya yi tir da ita a wancan karo ba shi da bakin yaba mata a wannan, don kawai yau tana hannun wanda yake so.

Ba yau aka fara ba

Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Shi wannan sakamako na 60 da babu ya shekara arba'in da 'yan kai a Moris, saboda haka muna iya duba yatsunsa.

A Yunin 1982 ƙawancen MMM da PSM ya kayar da Seewoosagur Ramgoolam, wanda ya karɓo wa ƙasar 'yanci, da kujeru 60 cif, a kan kimanin kashi 64 na ƙuri'u. Anerood Jugnauth ya zama Firayim Minista, Bérenger ya zama ministan kuɗi. Cikin wata tara kacal gwamnatin ta dare gida biyu. A Maris na 1983 Bérenger ya fice da ministoci da dama, Jugnauth ya kafa tasa jam'iyyar ta MSM, ya je ya haɗa kai da waɗanda aka kayar jiya-jiya, aka koma sabon zaɓe a Agustan wannan shekara. A Disamban 1995 kuma Navin Ramgoolam da Bérenger suka yi wa Anerood Jugnauth irin wannan kaye, 60 da babu. Ba a cika shekara biyu ba, a 1997, Ramgoolam ya sallami Bérenger daga gwamnati.

Me wannan ke nuna mana? Idan aka hana hamayya kujera a ɗaya gefen zauren, takan tsiro a cikin gidan gwamnati, kuma irin wannan hamayya ba ta manufa ba ce, ta rabon muƙami ce da wane ya fi wane. Ƙawancen da aka ƙulla don kawai a kwashe kujeru uku-uku, da zarar an kwashe, ba sauran abin da ya riƙe shi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Yawancin sassan tsarin mulkin Moris ana iya sauya su da rinjayen kashi uku cikin huɗu na majalisa. Wanda ke da kujeru 60 a majalisa mai mutum 66, kamar yadda ta kasance bayan zaɓen 2024, ya wuce wannan ƙa'ida da nisa. Gaskiya ne gwamnatin 1982 ta yi amfani da wannan ƙarfi ta hanya mai kyau, inda ta ɗaure batun yin zaɓe kowace shekara biyar ta yadda ɗage shi ya zama kusan ba zai yiwu ba. Amma me ya sa ta yi haka? Saboda a 1969 jam'iyyar Leba ta jawo babbar abokiyar hamayyarta PMSD cikin gwamnati, suka haɗu suka gyara tsarin mulki, zaɓen da ya kamata a yi a 1972 bai yiwu ba sai a 1976, a tsakani kuma aka kafa dokar ta-ɓaci aka tsare 'yan adawa. Wato ƙasar ta taɓa ɗanɗana abin da rinjaye marar birki ke iya yi. Tsarin da lafiyarsa ta dogara a kan kirkin wanda ya ci, addu'a ce kawai ke riƙe da shi.

Sauyi ko karɓa-karɓa?

Sunan ƙawancen da ya ci shi ne Sauyi. Mu duba sauyin. Seewoosagur Ramgoolam ya yi mulki daga 1968 zuwa 1982. Anerood Jugnauth ya karɓa zuwa 1995. Navin, ɗan Seewoosagur, ya karɓa zuwa 2000. Anerood ya dawo zuwa 2003. Bérenger ya ɗana kujerar daga 2003 zuwa 2005, bai ma cika shekara biyu ba. Navin ya dawo zuwa 2014. Anerood ya sake dawowa, a Janairun 2017 kuma ya sauka ya miƙa wa ɗansa Pravind ba tare da an koma wa masu zaɓe ba. A 2024 Navin ya dawo a karo na uku yana da shekara 77, mataimakin da aka naɗa masa a lokacin, Bérenger, yana da 79. A cikin shekara 56 na 'yanci, in ka cire wannan ɗan taƙin na Bérenger, gida biyu ne kawai suka riƙe ƙasar. Hatta ɗaya daga cikin kujeru biyun da aka share wa Lepep hawaye da su, Adrien Duval ne ya samu, ɗan Xavier-Luc Duval, jikan Gaëtan Duval wanda ya jagoranci PMSD tun kafin 'yanci. In wannan ba sarauta ba ce, to ƙanwarta ce.

Ga wani abin lura kuma. A Fabrairun 2015, wata biyu bayan Navin ya faɗi zaɓe, 'yan sanda suka kama shi, suka buɗe akwatunan ƙarfe a gidansa suka tarar da kuɗi kimanin rupi miliyan 220, ya ce gudummawar jam'iyya ce. A Fabrairun 2025, wata uku bayan Pravind ya faɗi zaɓe, shi ma aka kama shi bisa zargin halatta kuɗin haram, aka ba da belinsa, ya musanta. Ni ba alƙali ba ne, zargi kuma ba hukunci ba ne. Tambayata ita ce, don me ba a taɓa jin ƙarar buɗe akwati sai bayan mai akwatin ya sauka? Amsar tana komawa ga inda muka faro. Majalisar da za ta tambayi mai mulki tun yana kan kujera, ita ce tsarin zaɓen yake karya wa ƙafa.

Kujerun share hawaye

Masu kare tsarin sukan nuna waɗannan kujeru 8 su ce ga gyaran nan an tanada. A'a, ba don daidaita ƙuri'un jam'iyyu aka tanade su ba, don daidaita jinsi da addini ne. Tsarin mulkin ya kasa 'yan ƙasa gida huɗu: Hindu, Musulmi, 'yan asalin Sin, da kuma wani babban buhu da aka kira sauran jama'a, inda aka zuba jikokin bayi da jikokin iyayengijinsu Faransawa wuri ɗaya. An ɗora wa ɗan takara ya bayyana gidan da ya fito a takardar tsayawarsa, in ya ƙi a soke takararsa. Lissafin rabon kuma ana yin sa ne da ƙidayar 1972, domin tun daga lokacin ba a sake ƙirga mutane ta wannan fuska ba. Wato ana auna majalisar 2024 da mudun da ya haura shekara 50.

Na san dalilin da ya sa aka kawo wannan tsari. A zaɓen 1967 kimanin kashi 44 na masu zaɓe sun bi jam'iyyar da ba ta son 'yancin kai, saboda tsoron danniyar masu rinjaye, a Janairun 1968 kuma aka yi mummunan rikicin ƙabilanci a Port Louis har sai da aka kawo sojojin Ingila. A wancan lokaci tabbatar wa kowane ɓangare cewa zai ga nasa a majalisa hikima ce. Amma maganin da aka ba jariri ba shi ake ɗura wa mai furfura ba. Wata ƙaramar jam'iyya mai suna Rezistans ek Alternativ ta ƙi bayyana jinsin 'yan takararta a 2005, suka ce su 'yan Moris ne kawai, da farko aka ƙi karɓar takardun tsayawarsu. Suka kai ƙara har gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a 2012 ya ce an tauye musu haƙƙi. Abin da aka iya yi shi ne gyaran wucin gadi na zaɓen 2014 kaɗai. Ita wannan jam'iyya tana cikin Ƙawancen Sauyi, ta kuma sami kujeru 3 a 2024. Yanzu tuwo ya zo gaban mai yunwa, sai mu ga yadda za a ci.

Da wane harshe?

Akwai wani ɓangare na wannan zaɓe da ya shafi duk mai riƙe da alƙalami. Kusan mutum tara cikin goma a Moris harshen Kiriyol suke yi a gidajensu. Da shi aka yi yaƙin neman zaɓe, da shi aka yi alkawari, da shi aka yi zambo da habaici a kan dandamali. Amma tsarin mulkin 1968 ya ce harshen majalisa Ingilishi ne, wanda ya so kuma ya yi Faransanci. Majalisar da aka zaɓa a 2024 a ƙarƙashin wannan doka aka zaɓe ta. An roƙi talaka ƙuri'a da harshen uwarsa, aka shiga zaure aka rufe ƙofa da harshen da bai ƙware a kansa ba.

Wanda ya fi kowa yaƙar wannan shi ne marubuci Dev Virahsawmy, wanda ya rasu a 2023. Shi ne ɗan MMM na farko da ya shiga majalisa, bayan ya ci zaɓen cike gurbi a 1970 a mazaɓar da ake ganin gidan Seewoosagur Ramgoolam ce. An tsare shi a 1972, a tsaren ya rubuta wasan kwaikwayonsa mai suna Li da harshen Kiriyol, hukuma ta hana a nuna shi. Ya ƙare rayuwarsa yana rubutu da fassara cikin wannan harshe, har da wasannin Shakespeare, don ya nuna cewa ba abin da Kiriyol ba zai iya ɗauka ba. Sai a 2012 aka fara koyar da harshen a makarantun firamare, shi ma ga wanda ya zaɓa. Abin da ya kamata mu lura da shi a rayuwar wannan bawan Allah shi ne, jam'iyyar da ya taimaka aka kafa ta shiga gwamnati sau da dama, har sau biyu tana cikin masu 60 da babu, amma bai ajiye alƙalami ya ce an gama aiki ba. Ya san cin zaɓe daban, biyan bukata daban.

Amsa ga masu cewa gara su

Za a ce mini, kai malam, duk da haka ai gara su da wasu, tun da ba a sace akwati ba, soja bai fito ba. Na yarda. Amma in mizaninmu ya zama duk inda ba a sace akwati ba an kai gaci, to mun rage wa kanmu buri ƙwarai, mun kuma raina mutanen Moris, waɗanda su da kansu suka daɗe suna kukan a gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun a 2002 wani kwamiti ƙarƙashin alƙali Albie Sachs na Afirka ta Kudu ya ba da shawarar a ƙara wasu kujeru da za a riƙa rabawa gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya. Aka karɓi rahoton aka ajiye. A 2018 gwamnatin Pravind ta kawo nata ƙudurin gyara, bai sami rinjayen da ake bukata ba. Kowa yakan ga aibin tsarin sa'ad da yake waje, in ya shiga ciki sai idonsa ya rufe.

Za a kuma ce wannan tsari shi ke ba da gwamnati mai ƙarfi da zaman lafiya. Wane ƙarfi, alhali gwamnatin 1982 ba ta kai shekara ba? Wanda ke son ganin inda irin wannan lissafi ke kaiwa in haƙurin mutane ya ƙare, ya dubi Lesotho. A zaɓen 1998 jam'iyya mai mulki a can ta sami kimanin kashi 60 na ƙuri'u ta kwashe kujeru 79 cikin 80, rikici ya ɓarke, sojojin Afirka ta Kudu suka shiga, aka ƙone wani sashe na birnin Maseru. Sai bayan wannan hasara aka sauya tsarin, aka yi zaɓen 2002 da rabon kujeru bisa ƙuri'u. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Moris ma ba ta bukatar zuwa nesa neman magani, domin majalisar yankin Rodrigues tun 2002 da irin wannan gaurayayyen tsari ake zaɓenta.

Ƙawancen Sauyi ya yi alkawarin gyaran tsarin zaɓe a lokacin yaƙin neman ƙuri'a, ya kuma sami kujerun da za su ishe shi yin gyaran ba tare da roƙon kowa ba. Uzuri ya ƙare ke nan. Ranar da mutanen Moris suka shiga rumfar zaɓe ƙarƙashin tsarin da zai ba mai kashi 27 kujerunsa, wanda kuma ba zai tambayi ɗan takara addinin kakansa ba, ranar ce ta guɗa, ni ma a sa ni a layin masu yi.

Kafin wannan rana, kirana ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, shi ne mu bambanta aikinmu da na maroƙi. Maroƙi yana jiran a ce wane ya ci, ya ɗauki kirari. Marubuci kuwa sai ya tambaya, da ƙuri'a nawa ya ci, kujera nawa aka ba shi, wa aka bari a waje, kuma wa zai iya ce masa a'a gobe. Wanda bai iya yi wa zaɓen wata ƙasa mai nisa waɗannan tambayoyi ba, inda ba shi da ɗan'uwa a takara kuma ba mai ba shi ko sisi, yaya zai yi su a ranar da abin ya zo ƙofar gidansa? Allah ya sa mu dace.